Laifi da Hukunci: ɗalibin da ya yi lissafi da ran tsohuwa

Duk lokacin da 'yan sanda suka yi holin wani matashi mai ilimi da ake zargi da kashe rai saboda kuɗi, mukan rabu gida biyu. Wasu su ce talauci ne da rashin aikin yi, gwamnati ce ta jawo. Wasu su ce a'a, tarbiyya ce ta lalace. A yi kwana biyu ana musu, sai wani labarin ya zo ya ture wannan. Tambayar da ba na jin ana yi ita ce: me yaron ya faɗa wa kansa kafin ya aikata? Ai mutum mai hankali ba ya wayar gari haka kawai ya ɗauki makami. Sai ya zauna da zuciyarsa tukuna, ya yi ta kawo mata hujja har ta yi shiru.

Littafin da na sani ya fi kowanne bin diddigin wannan zama da zuciya, a Rasha aka rubuta shi, ya fito a 1866. Marubucinsa Fyodor Dostoevsky. Masu karatun Turanci sun san shi da Crime and Punishment, masu Larabci da Al-Jarima wal-Iƙab, mu sai mu ce Laifi da Hukunci. Rubutun nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri, kuma zan fasa ƙwan labarin. Ba asara a ciki, don shi kansa marubucin tun a kashi na farko cikin shida ya nuna mana wanda ya yi kisan, da yadda ya yi shi, da gatarin da ya yi da shi. Ragowar ɗaruruwan shafukan duk a cikin kan mai laifin ake zaune.

Kalmar Rashanci da aka fassara da laifi, asalin ma'anarta tsallake wani layi ne, abin da malamanmu za su ce ƙetare haddi. Ku riƙe wannan, don jarumin littafin tambayar da ta hana shi barci ke nan: shin akwai mutanen da ya halatta su tsallake, kuma shin yana cikinsu?

Dostoevsky ba a jarida kaɗai ya san masu kisa ba. An haife shi a Mosko a 1821, ɗan likitan wani asibitin talakawa. Ya yi karatun injiniyan soja, ya ajiye aikin ya kama rubutu. A watan Afrilun 1849 aka kama shi tare da wasu matasa 'yan boko da ke taruwa duk Juma'a a gidan wani mai suna Petrashevsky, suna tattauna littattafan gurguzu na Faransa da batun 'yanta manoma. Babban abin da aka riƙe shi da shi, ya karanta wa taron wata wasiƙa da hukuma ta haramta. Wata takwas suna tsare. Ranar 22 ga Disamban 1849, bisa kalandar Rasha ta lokacin, aka fito da su dandalin Semyonov a birnin Petersburg cikin ƙanƙara, aka karanta musu hukuncin kisa, aka sa musu fararen riguna kamar likkafani. Aka ɗaure ukun farko a turaku, sojoji suka saita bindigogi. Shi yana cikin ukun da ke biye. Sai ga saƙo daga Sarki Nikolas na ɗaya wai an yi musu sassauci. Ashe tun farko an tsara haka, so ake a tsorata su. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure ɗin hankalinsa bai sake dawowa daidai ba.

Daga nan sai Saibiriya. Shekara huɗu a kurkukun Omsk da mari a ƙafa, yana kwana ɗaki ɗaya da 'yan fashi da waɗanda suka yanka mutane, ba shi da littafin karantawa sai Linjila da wasu mata suka ba shi a hanya. Abu guda ya tsaya masa a rai a can, ya kuma rubuta shi daga baya a littafinsa na zaman kurkuku: yawancin mutanen nan ba a ganin alamar nadama a tare da su. Kowa ya riga ya yi wa kansa shari'a a zuci ya wanke kansa. Bayan kurkuku ya yi aikin soja na dole a Semipalatinsk, a Kazakistan ta yau, bai dawo Petersburg ba sai ƙarshen 1859.

Ƙasar da ya tarar ba ita ya bari ba. Rasha ta sha kashi a yaƙin Kirimiya da ya ƙare a 1856, sabon sarki Alezanda na biyu ya gane tsohon tsari ba zai kai su ko'ina ba. A 1861 ya 'yanta manoma sama da miliyan 20 waɗanda a da suke ɗaure da gonakin iyayen gidansu kamar bayi. Mutane suka yi ta kwarara birni, Petersburg ta haura rabin miliyan, ana yanka ɗaki ɗaya gida-gida ana ba da hayar kusurwa. A 1863 aka sauya tsarin harajin giya, mashaya ta yawaita a kowane lungu. Jami'a ta cika da 'ya'yan ƙananan ma'aikata da na limaman coci, masu ilimi ba su da ko sisi, har boren ɗalibai ya sa aka rufe jami'ar Petersburg a ƙarshen 1861. A 1864 kuma aka yi wa shari'a garambawul: za a riƙa zaman kotu a bainar jama'a, da lauyoyi, da talakawan gari masu zama su yanke ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Jaridu suka samu abin sayarwa, labarin kisa ya zama abin hira a teburin shayi.

A cikin matasan nan wani ra'ayi ya kafu. Littafin Turgenev na 1862 shi ya yayata sunan da ake kiransu da shi, wato 'yan ba-ruwanmu da komai, waɗanda ba su yarda da addini ko al'ada ko maganar manya ba sai abin da kimiyya ta auna. A 1863 Chernyshevsky ya rubuta nasa littafin daga cikin kurkuku, matasa suka riƙe shi kamar littafin addini. Taƙaitaccen ra'ayin shi ne ba abin da ke tuƙa ɗan Adam sai amfanin kansa, kuma alheri shi ne duk abin da ya fi amfanar jama'a mafi yawa. Ke nan nagarta da mugunta abu ne da za a iya zama da alƙalami a lissafa. A yi adalci, Chernyshevsky bai ce kowa ya kashe kowa ba, kuma da yawan mabiyansa mutane ne masu tausayin talaka da gaske. Dostoevsky dai ya ɗauki lissafin ne ya damƙa shi a hannun yaro mai jin yunwa, mai girman kai, wanda ya kulle kansa a ɗaki wata guda, ya ce bari mu ga inda zai kai shi.

Shi ma a cikin ƙunci ya rubuta. A 1864 matarsa ta rasu a Afrilu, yayansa Mikhail ya bi ta a Yuli, bashin mujallarsu da nauyin iyalin mamacin suka dawo kansa, ga farfaɗiya. A 1865 ya karɓi rubul 3,000 daga wani ɗan kasuwar littattafai mai suna Stellovsky bisa wani mugun sharaɗi: in bai kawo masa sabon littafi kafin 1 ga Nuwamban 1866 ba, zai riƙa buga duk abin da ya rubuta har shekara tara ba tare da biyan ko kwabo ba. Ya biya wasu basussuka, ya tafi Wiesbaden ta Jamus da ragowar, ya zubar da su a caca cikin 'yan kwanaki, har otel ɗin suka daina ba shi abinci. A wannan ɗakin otel ne, a watan Satumba, ya rubuta wa editan mujallar Russkiy Vestnik, Mikhail Katkov, wasiƙar tallan wani labari da zai bi abin da ke gudana a zuciyar mai laifi. Da farko ma da bakin mai kisan ya fara rubutawa, daga baya ya watsar ya sake daga tushe. Mujallar ta yi ta buga shi kashi-kashi a tsawon 1866, a shekarun da take buga farkon babban littafin Tolstoy na yaƙin Napoleon. Ku duba sa'ar masu karatun wannan mujalla. Bashin Stellovsky kuwa, sai da ya rage wata guda ya ɗauko wata yarinya 'yar shekara 20 mai rubutun gaggawa irin na sakatarorin da, Anna Snitkina, ya yi mata shiftar wani littafin daban a kan caca cikin kwana 26. Ya tsira, ya kuma aure ta a farkon 1867.

To, ga labarin. Rodion Raskolnikov ɗan shekara 23 ne, ɗalibin shari'a da rashin kuɗi ya fitar daga jami'a. Yana haya a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufin bene mai kama da akwati, mai gidan tana bin sa kuɗi, yana laɓaɓawa in zai wuce ƙofar kicin ɗinta. Watan Yuli ne, ana zafi, gari na wari. Akwai wata tsohuwa Alyona Ivanovna mai karɓar jingina tana ba da bashi da ruwa, kwabo goma a kan kowane rubul duk wata. Ya kai mata agogon azurfa na mahaifinsa, ta yi masa kuɗi rubul ɗaya da rabi, ta cire ruwan wannan da na tsohon bashi tun kafin ta miƙa, ya tashi da rubul ɗaya da kwabo 15. Ya ma ƙirga takun da ke tsakanin ƙofarsa da gidanta: 730. Sai ga wasiƙar mahaifiyarsa, bazawara mai fanshon rubul 120 a shekara, tana shaida masa cewa ƙanwarsa Dunya za ta auri wani mai kuɗi, Luzhin, wanda ba ta so. Ya gane sarai don shi za ta sayar da kanta.

Wanda ya tsaya a nan zai ce shi ke nan, talauci ne. Amma marubucin ya koma da mu baya kaɗan. Makonni kafin haka Raskolnikov ya zauna a wata mashaya ya ji wani ɗalibi yana wa wani hafsan soja bayani a kan wannan tsohuwa: muguwa ce, ba ta amfanar kowa, ta kusa mutuwa, dukiyarta ma ta yi wasiyya a kai gidan ibada don a riƙa yi mata addu'a. Da za a kawar da ita a raba kuɗin, matasa nawa za a ceta? Hafsan ya tambaye shi ko shi da kansa zai iya, ɗalibin ya ce ina, magana dai yake yi. Kun ga bambancin ke nan. Dubban mutane suna irin wannan magana a majalisa su tashi su tafi gida. Mutum ɗaya a teburin gefe ya ɗauke ta da gaske. Sannan daga baya muka ji cewa shi kansa ya taɓa rubuta maƙala a jarida inda ya raba mutane kashi biyu: gama-gari waɗanda aikinsu biyayya da haihuwa, da 'yan ƙalilan irin Napoleon waɗanda in sabon abin da suka zo da shi ya buƙaci a taka gawa, zuciyarsu ta ba su izini. Wannan ma ba daga sama ya faɗo ba. A 1865 Napoleon na uku, sarkin Faransa, ya fitar da littafi a kan Yuliyas Kaisar wanda gabatarwarsa ke kare irin waɗannan manyan mutane, aka yi ta muhawara a kai a jaridun Rasha.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sunan da yake kiran tsohuwar da shi a zuciyarsa: ƙwarƙwata. Kafin gatari ya sauka, ya riga ya cire ta daga sahun mutane da kalma ɗaya. Wa ke zaman makokin ƙwarƙwata?

Ya yi shiri irin na mai ilimi. Ya ɗinka wani ɗan maɗauri a cikin kwat ɗinsa inda zai rataya gatarin, ya naɗe guntun katako da ƙarfe a takarda ya ƙulle tam kamar gwangwanin sigari na azurfa, don tsohuwar ta shagala da kwancewa. Ya kuma ji da kunnensa a kasuwa cewa ƙanwarta Lizaveta, wadda suke uba ɗaya, ba za ta kasance a gida ba da ƙarfe bakwai na yamma. A ra'ayinsa masu laifi ana kama su ne don hankalinsu na gushewa a lokacin aikatawa, shi kuwa nasa ba zai gushe ba tunda abin da zai yi ba laifi ba ne. Ranar na zuwa barci ya kwashe shi ya makara. Gatarin kicin da ya sa rai bai samu ba, sai na ɗakin maigadi da ya ci karo da shi. Ya kashe tsohuwar, hannunsa na rawa ya kasa sarrafa makullai, ya cusa 'yan kayan jingina a aljihu. Ashe ƙofar ma a buɗe ya bar ta. Lizaveta ta dawo.

A nan nake so mu daɗe, don a ganina duk littafin a kan matar nan ya rataya, ko da yake ba ta yi magana mai tsawo a cikinsa ba. Lizaveta 'yar shekara 35 ce, doguwa, mai tsoro, mai ƙaramin wayo, yayarta ta mayar da ita baiwa, tana dukanta, tana karɓe abin da ta samu a ɗinki da dillancin tsofaffin kaya. Har rigar Raskolnikov ta taɓa yi wa gyara. In akwai mutum ɗaya a duk Petersburg da ya dace a ce don irinsa aka yi kisan, wanda aka zalunta, wanda kuɗin tsohuwar zai 'yanta, to ita ce. Da ya tunkaro ta ko ihu ba ta yi ba, ko hannu ba ta iya ɗagawa sosai ta kare fuskarta ba, tsabar ta saba da duka. Tsohuwar da gindin gatari ya buge ta, Lizaveta kuwa da kaifin. Lissafin ya ce rai ɗaya. Cikin 'yan mintoci ya zama biyu, na biyun kuma shi ne wanda aka ce za a ceta.

Sannan ku lura da abin da ya biyo baya. A duk tsawon ruɗewarsa, tsohuwar yake ta ambato, ita yake mafarki, ita yake tsana. Lizaveta da ƙyar take faɗo masa, har shi da kansa ya yi mamakin yadda ba ya tuna ta, kamar bai kashe ta ba. Dalili a fili yake. Tsohuwar tana da gurbi a hujjarsa, ana iya musu a kanta. Lizaveta ba ta da gurbi, don haka zuciya ta tura ta bayan ƙyaure. Mu masu karatu ma haka muke yi. Tambayi wanda ya taɓa jin labarin littafin nan, zai ce maka labarin ɗalibin da ya kashe tsohuwa mai ba da bashi ne. Mutum biyu ya kashe.

Kuɗin fa? Ya kai jakar da kayan wani kango ya danne da dutse, ko buɗe jakar bai yi ba. Sai a kotu aka ƙirga, rubul 317 da kwabo 60, wasu takardun ma sun lalace saboda daɗewa a ƙasa. Mutumin da yunwa ta sa ya yi kisa ba ya barin kuɗi su ruɓe a ƙarƙashin dutse. Kuɗin da mahaifiyarsa ta ciyo bashi ta aiko masa ma, ya kwashe ya ba matar wani mashayi don ta yi jana'izar mijinta.

Musun nan namu na talauci ne ko ba talauci ba, an yi shi a kan littafin tun yana sabo. Dmitri Pisarev, ɗaya daga cikin manyan marubutan matasan, ya yi dogon sharhi yana cewa ra'ayin Napoleon ɗin nan ado ne kawai, aljihun yaron ne ya yi kisan. Wasu 'yan ɓangarensu kuma suka fusata, suka ce an ɓata wa ɗalibai suna. Ni ina ganin marubucin ya riga ya amsa wa Pisarev a cikin littafin, ta hanyar mutanen da ya kewaye jarumin da su. Ga abokinsa Razumikhin, shi ma talauci ya fitar da shi daga jami'a, amma yana fassara da koyarwa yana samun na abinci, har ya yi wa Raskolnikov tayin raba aikin. Ga Sonya, 'yar shekara 18, wadda yunwar ƙannenta ta jefa karuwanci, tana ɗauke da katin rawaya da hukuma ke ba irinsu. Ita ma ta tsallake layi, amma kanta ta yanka, ba wani ba. Ba wai an wanke talauci ba ne. Wallahi babu littafin da ya nuna ƙazantar talaucin birni kamar wannan. Talaucin shi ya kulle yaron a ɗaki, ya hana shi abinci, ya raba shi da mutane. Hujjar kuwa shi ya ƙera abarsa.

Bari in ɗan ratse kan mahaifin Sonya, Marmeladov, don duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san irinsa. Ƙaramin ma'aikaci ne da giya ta cinye, aka kore shi, ya je ya yi kuka gaban maigidansa aka mayar da shi. Gida aka yi murna, matarsa mai tarin fuka ta haɗa masa kayan zuwa ofis, aka dafa masa kofi, yara suna tafiya a hankali kada su tashe shi. Albashin farko na shiga, ya sace ragowar daga akwatin matar ya ɓace kwana biyar. Har wurin 'yarsa ya je ya karɓi kwabo 30 na ƙarin kwalba, ya san kuma ta inda kuɗin suka fito. Amma shi bai taɓa cewa abin da yake yi daidai ne ba. Yana tsine wa kansa a gaban kowa. Ɗalibin mai ilimi ne kaɗai ya iya mayar da laifinsa falsafa.

Hukuncin da ke cikin sunan littafin tun daren kisan ya fara, tun kafin kowa ya zarge shi. Washegari aka aiko masa da sammaci daga ofishin 'yan sanda, ya tafi yana jin an gama da shi, ashe maganar kuɗin haya ce. Yana shirin fita ya ji suna hirar kisan, ya faɗi sumamme. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya kwanta zazzaɓi kwanaki. Ya koma gidan da ya yi kisan da ƙafarsa, ya ja ƙararrawar ƙofa don ya sake jin ƙararta, ya tambayi masu gyaran ɗakin ina jinin da ke nan. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa suka iso bayan shekara uku ba su gan shi ba, ya kasa rungumarsu. Abin da ya gano shi ne daga yau ba zai sake iya yin magana ta gaskiya da kowane mahaluƙi ba. Ya so ya hau saman mutane, sai ya tsinci kansa a waje da su.

Sai mai bincike, Porfiry Petrovich, ɗan gajere mai tumbi, mai yawan dariya da surutu kamar ba shi da alƙibla. Ba shi da shaida ko ɗaya da zai kai kotu. Abin da yake da shi, ya karanta maƙalar nan, ya kuma san halin mai ita. Sau uku suka zauna. A na farko ya yi ta tsokanarsa da tambaya: ta yaya ake gane waɗannan manyan mutane, alama suke da ita a jiki? In wani ya yi kuskure ya ɗauka yana cikinsu fa? A na biyu ya gaya masa a fakaice cewa irin wannan mai laifi ba a gaggawar kama shi, a bar shi ya yi ta kewaya kamar ƙwaron da ke zagaya fitila. Ana cikin haka wani mai fenti, Mikolka, ya faɗo ofis ya durƙusa ya ce shi ya yi kisan, alhali bai yi ba, tsoro da wata aƙidar neman wahala don tsarkake kai suka tura shi. A tsohon tsarin shari'ar Rasha, amsa laifi ita ce sarauniyar shaida, da an rufe fayil kowa ya huta. Porfiry bai karɓa ba. A zama na uku ya je har ɗakin Raskolnikov, ya ajiye wasa, ya gaya masa ƙarara cewa shi ne, ya ba shi kwana ɗaya ko biyu ya kai kansa don a rage masa. Masu kallon tsohon shirin Columbo na Amurka, ɗan sandan nan mai yamutsattsen kwat, waɗanda suka ƙirƙiro shi sun ce Porfiry na cikin inda suka samo shi.

Akwai Svidrigailov, tsohon maigidan Dunya, wanda ya tsallake layi tun tuni ba tare da wata falsafa ba, kuma ba abin da ke damunsa sai gundura. Shi ne hoton abin da Raskolnikov ke son zama. Ya saurari sirrin ta bayan ƙofa, ya so ya yi cinikin Dunya da shi, da ya tabbata ba za ta taɓa son sa ba ya sake ta, ya raba kuɗinsa, da asuba ya harbe kansa.

Wadda ya fara gaya wa gaskiya Sonya ce, kuma a nan Lizaveta ta dawo. Ashe ƙawaye ne, sun yi musayar sarƙar gicciye, Linjilar da ke ɗakin Sonya ma Lizaveta ce ta kawo mata. Lokacin da yake faɗa mata, ta ja da baya ta miƙo hannu cikin tsoro irin na yara, sai ya ga fuskar Lizaveta a tata. Ya jero mata dalilai ɗaya bayan ɗaya, don uwata, don karatuna, don ƙanwata, yana kawowa yana rushewa da kansa, har ya iso kan na ƙarshe: ya yi ne don kansa, ya gwada ko shi Napoleon ne ko shi ma ƙwarƙwatar ce. Da ya kira tsohuwar da wannan suna a gabanta, Sonya ba ta kawo wata hujjar ilimi ba. Ta dai ƙi yarda a kira ɗan Adam haka.

Wani abin da ya girgiza masu karatu a lokacin, a watan Janairun 1866, kashi na farko na gab da fitowa, wani ɗalibi a Mosko mai suna Danilov ya kashe wani mai ba da bashi da 'yar aikinsa da ta shigo. Ba wanda ya kwaikwayi wani, littafin bai fito ba, marubucin kuma ya riga ya rubuta. A watan Afrilu kuma wani tsohon ɗalibi, Karakozov, ya harbi Sarki Alezanda bai same shi ba, aka rataye shi a Satumba. Ana karanta labarin wata-wata, ana ganin 'yan uwansa a shafin labarai. A 1881 masu wannan tafarki suka kashe sarkin da bam, kimanin wata guda bayan rasuwar Dostoevsky.

Raskolnikov ya kai kansa. Kotu ta duba cewa bai taɓa kuɗin ba, ya amsa laifi alhali wani ya riga ya ɗauka, an kuma shaida ya taɓa ɗaukar nauyin wani ɗalibi mara lafiya, ya ciro yara biyu daga gobara. Aka ba shi shekara takwas a Saibiriya. Dunya ta auri Razumikhin, mahaifiyar ta ruɗe ta rasu, Sonya ta bi shi.

Masana da yawa ba sa son babin ƙarshen nan, suna cewa an yi gaggawar shiryar da shi. Ni ban ga gaggawar ba. Fiye da shekara guda bayan kisan, yana kurkuku da mari a ƙafa, bai yi nadama ba. Abin da yake jin kunya kawai shi ne ya kasa jurewa ya kai kansa. Fursunoni 'yan uwansa sun tsane shi, suna kuwa ƙaunar Sonya. Sai da ya kwanta ciwo ya yi mafarkin wata annoba da ke sa duk wanda ta kama ya tabbata shi kaɗai ke da gaskiya, har duniya ta cinye kanta. Bayan ya warke ne, wata safiya a bakin kogi, ya faɗi a gaban Sonya yana kuka. Saura shekara bakwai a lokacin. Da dare ya zaro Linjilar da ya roƙe ta ta kawo masa daga ƙarƙashin matashinsa, waccan dai da Lizaveta ta kawo. Bai buɗe ta ba tukuna, a nan marubucin ya ajiye alƙalami.